Babi na Bakwai: Monet da Bangon Falo a Jega

Baƙon da ya shiga falon mai matsakaicin hali a Jega ko Aliero ko Maiyama zai gama ƙirga abin da ke jikin bango tun kafin a kawo masa ruwa. Akwai agogo, akwai Ayatul Kursiyyu cikin firam mai ruwan zinariya, akwai hoton Ka'aba, wani lokaci da kalandar banki ko ta ɗan siyasa. Sannan a gidaje da yawa akwai wani babban hoto mai sheƙi na ƙasar da maigidan bai taɓa takawa ba: ruwa yana kwararowa daga kan dutse, ko tsaunin da ƙanƙara ta lulluɓe, ko ɗan gidan katako a bakin tafki. Wannan hoton shaida ne cewa mutanenmu suna son ganin fili da ruwa da itatuwa a cikin ɗaki, kuma suna fitar da kuɗinsu don su gani. Abin da ke damuna shi ne, garuruwan nan uku suna zaune ne a tsakiyar gonaki da fadamu da gulbi, amma da wuya ka tarar da ko ɗaya daga cikinsu a bangon kowa. A ganina mutumin da ya fi iya nuna mana yadda za a gyara wannan Bafaranshe ne mai zane, Claude Monet, wanda ake furta sunansa Mone. Ya cancanci wuri a bangonmu, amma babban amfaninsa gare mu yana cikin abin da ya zaɓa ya zana da yadda ya kalle shi.

An haifi Monet a Paris ranar 14 ga Nuwamba, 1840, ya girma a Le Havre, garin tashar jiragen ruwa da ke arewacin Faransa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya so yaron ya gaje shi, shi kuwa ya fara samun 'yan kuɗi ne da zanen barkwanci na fuskokin mutanen gari. Wani mai zane, Eugène Boudin, shi ya ja shi ya fito daga ɗaki ya zauna a bakin teku ya zana sararin sama yadda yake a lokacin. A 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya, rashin lafiya ta dawo da shi gida a 1862, kuma da ya tsufa ya riƙa faɗin cewa haske da launin da ya gani a can su ne tsiron abin da ya yi ta nema daga baya. Wato ranar Afirka tana da hannu a tarbiyyar idonsa. A Paris ya haɗu da Renoir da Sisley da Bazille, matasa irinsa da suka gaji da zanen sarakunan da da tatsuniyoyin Girkawa da manyan malaman zane suka ɗauka su ne kaɗai abin girmamawa. Sa'arsu ɗaya ita ce a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kwano na matsa fenti, sai ya zama mai zane zai iya zuba launukansa a jaka ya tafi daji. A shekarun farkon aikinsa Monet ya sha talauci ƙwarai, wasiƙunsa na neman rance daga abokai suna nan har yau, kuma matarsa ta fari, Camille, ta rasu a 1879 suna cikin bashi.

A watan Afrilun 1874 shi da abokansa, cikinsu har da Pissarro da Degas da Cézanne da Berthe Morisot, suka shirya baje kolin kansu a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar, domin babban baje kolin hukuma ya sha ƙin karɓar aikinsu. Cikin abin da Monet ya rataye akwai wani ɗan ƙaramin zane na 1872, tsawonsa bai wuce santimita 63 ba, na fitowar rana a tashar Le Havre: jar rana cikin hazo, 'yan kwale-kwale, da inuwar jirage can nesa da ƙyar ake rarrabe su. Ya sa masa suna Impression, soleil levant. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar farko ya yi musu ba'a da ita a jaridar Le Charivari, sunan Impireshonis kuwa ya bi su har yau. Dabararsu ba ta da wuyar bayani. Ba sa goge bin burushi har ya ɓace, suna ɗiga launuka ne gajeru-gajeru kusa da juna su bar idon mai kallo ya haɗa su. Sun kuma lura cewa inuwa ba baƙa ba ce. Inuwar bishiya a kan jar ƙasa da la'asar tana ɗauke da shuɗi da ruwan makuba, kuma duk wanda ya tsaya ya duba da kyau zai gani.

Ƙorafin farko da za a ji a Jega shi ne wanda aka yi a Paris a 1874: wannan ai ba a gama shi ba, ya yi dishi-dishi, yaro ma zai iya. Ba ƙorafin banza ba ne. Mai sayen kaya yana son ya ga aikin da ya biya, kuma idonmu ya saba da aikin da ake yabonsa saboda tsafta da daidaito, kamar ɗinkin aska takwas a babbar riga ko saƙar faifai. Amma a tambayi manomin da ya yi sammako zuwa fadama a watan Janairu me yake gani. Ba ya ganin ganyen giginya ɗaya bayan ɗaya. Yana ganin hazo, da wata fara ko jar rana da zai iya kallo ido da ido ba ta kashe masa gani ba, da duhun itatuwa a tsaye. Mai zanen da ya fito da kowane ganye tsaf a irin wannan safiya ya zana abin da ya sani ne a ka, wanda kuma ya bar su cikin hazo ya zana abin da ido ya gani. Hoton mai sheƙi na kasuwa komai nasa a fili yake, shi ya sa bayan mako guda babu mai sake ɗaga kai ya dube shi. Zanen Monet kuwa yana buƙatar a ja da baya taku uku ko huɗu kafin ɗigon fentin ya zama ruwa ko ciyawa, kuma yana sauyawa da hasken da ke shigowa ta taga. Ga abin da mutum zai zauna da shi shekara da shekaru a ɗaki ɗaya, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Batun cewa aikin gaggawa ne kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba, domin yakan koma wa zane ɗaya sau da yawa, a fili da cikin ɗakin aiki, har tsawon watanni.

Inda labarinsa ya fi shafar mu shi ne bayan 1883, lokacin da ya koma wani ƙauye mai suna Giverny, kusa da inda kogin Epte ke shiga Seine. A nan ya zauna shekara 43 har mutuwarsa. Daga ƙarshen bazarar 1890 zuwa 1891 ya duƙufa a kan abin da kowane Bamaiyame zai gane da kallo ɗaya: tarin dammunan hatsi da wani manomi maƙwabcinsa ya jibge a gona, aka yi masa tulluwa kamar jinka don kada ruwa ya shiga. Ya zana wannan tarin kusan sau 25, da safe, da tsakar rana, da faɗuwar rana, cikin raɓa, cikin ƙanƙara. An ce agolarsa Blanche ce ke turo masa allunan zane a baro, domin da hasken ya juya sai ya ajiye wanda yake yi ya ɗauki wani. A watan Mayun 1891 dillalinsa Paul Durand-Ruel ya rataye 15 daga cikinsu a ɗaki ɗaya, aka saye su cikin ɗan lokaci, kuma a 2019 an sayar da guda ɗaya a New York kan dala miliyan 110.7. Kuɗin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne mutumin nan bai je neman tsauni ko fadar sarki ba, ya ɗauki abincin maƙwabcinsa da ke jibge a bayan gida ya nuna cewa da safe launinsa daban ne, da yamma daban. A shekarar 1891 ɗin ya yi haka da wasu dogayen itatuwa da ke jere a bakin Epte, da ya ji za a sare su sai ya haɗa kuɗi da mai sayen katakon don a bar su tsaye har ya gama. A 1893 ya sayi wani fili mai dausayi, ya janyo ruwan wata ƙorama ya yi tafki, ya shuka bado, duk da manoman ƙauyen sun yi ƙorafin kada baƙin tsirransa su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Wannan ɗan tafki shi ya zana kusan sau 250.

To a auna wannan da abin da ke ƙasarmu. Bado yana cike da tafkuna da damina, yara suna shiga suna tsinko shi, babu mai ganinsa abin ratayewa. Gulbin Zamfara yana wucewa ta Jega, da kwale-kwalen masunta da shanun Fulani a bakin ruwa, kuma launinsa da damina, lokacin da ya ɗauko jar laka, ba shi ne launinsa da rani ba. A Aliero idan aka cire albasa aka baza ta, fili guda kan koma ja mai ratsin makuba, ga rudu na kara da ciyawa inda ake adana ta, ga buhuna jere ana jiran manyan motoci su kai kudu. A ƙauyukan Maiyama akwai rumbuna da dammunan gero da kaka, da shinkafa kore shar a fadama yayin da tudu ya bushe ƙurmus. Hasken ma yana da kalandarsa: tsaftataccen sararin bayan ruwan sama a watan Agusta, farin hazon hunturu, jan gari kafin hadari, zafin bazara da ke sa nesa ta riƙa rawa. Monet sai da ya yi ta zuwa Landan tsakanin 1899 da 1901 yana zama a otal don ya samu hazon kogin Thames. Mu kuwa hazo yana zuwa mana har gida duk shekara, wata biyu ko uku, muna rufe tagogi muna jiran ya wuce.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma dole a amsa shi da girmamawa, domin a ƙasar Gwandu babu mai rataye abu a ɗakin da yake salla ba tare da ya tambayi hukuncinsa ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sura sanannu ne. Amma a cikin Buhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, shi kuwa Abdullahi ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa in dole ne ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan wannan malamai suka tafi cewa zanen bishiya da ruwa da dutse da sararin sama babu laifi a cikinsa, saɓaninsu yana kan surar mutum da dabba, inda malaman Malikiyya suka bambanta mai inuwa da marar inuwa. Abin sha'awa a nan shi ne mafi shaharar aikin Monet na rabin rayuwarsa na biyu ya faɗa cikin ɓangaren da babu gardama. Dammunan hatsin babu mutum a wurinsu, itatuwan bakin kogi haka, tafkin bado haka. Ba duka aikinsa ba ne, a gaskiya. Yana da zanen matarsa da 'ya'yansa, yana kuma da sama da 30 na fuskar babbar majami'ar Rouen da ya yi tsakanin 1892 da 1894, waɗanda Musulmi ba zai sa a falonsa ba. Zaɓi yana hannun maigida, kuma abin zaɓa yana da yawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa, wannan shi ne daidai.

Na uku shi ne a ce wannan al'adar Turawa ce, mu muna da tamu. Lallai muna da ita, kuma mai kyau. Magina sun ƙawata fuskar gidaje a Zariya da Kano da zane mai tudu, da dagi da sauran siffofi, suna shafe bango da makuba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19 har yau ana zuwa kallon bakan gizonsa. A cikin gida kuwa mata suna da jere, kuma jeren ɗakin amarya ilimi ne na daidaita launi da girma wanda uwa ke koya wa 'ya. Sai dai jeren kansa yana rushe wannan ƙorafi. Da ƙorai da tasoshi ake yinsa, sai kwanukan samira da fanteka suka shigo daga Turai da Asiya, mata suka karɓa suka jera su bisa tsarinsu, har ya zama ba wanda zai ce jeren kwano ba na Hausa ba ne. Jega kuwa tun ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, garin da ya girma a kan karɓar kayan nesa. Monet ɗin ma haka ya yi. Ɗakin cin abincinsa a Giverny rawaya ne, madafinsa shuɗi, kuma abin da ya jera a bangon ba zanen Faransa ba ne, zanen Japan ne na su Hokusai da Hiroshige, sama da 200 ya tara. Ya zauna da su kullum, ya koyi yadda suke yanke fili da yadda suke ajiye gada a kan ruwa, sannan ya fita ya zana lambunsa. Wannan shi ne matsayin da nake nema masa a gidajenmu, irin wanda ya bai wa Japanawa a nasa.

Kada kuma a ɗauka sa zanensa cikin maganar adon ɗaki rage masa daraja ne. Shi da kansa ya yi wa Durand-Ruel zanen furanni da 'ya'yan itace a ƙofofin falonsa a farkon shekarun 1880, kuma babban aikinsa na ƙarshe adon bango ne. Bayan rasuwar matarsa ta biyu, Alice, a 1911, da ɗansa Jean a 1914, ga yanar ido da aka gano masa a 1912 wadda sai 1923 aka yi masa aiki, ya gina wani katafaren ɗakin aiki ya shiga zana bado a kan alluna masu tsayin mita biyu. Da aka tsagaita Yaƙin Duniya na Ɗaya a Nuwamban 1918 ya yi wa ƙasarsa kyautarsu ta hannun abokinsa Georges Clemenceau, firaministan lokacin. Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86, aka buɗe su ga jama'a a watan Mayun 1927 a gidan Orangerie da ke Paris, cikin ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, zane takwas da jimillar tsawonsu ta kai mita 91, sun kewaye mai kallo ta ko'ina. Manufarsa ita ce wanda ya gaji ya shiga ya huta, kuma abin da kowane magidanci ke nema daga falonsa ke nan.

Saura tambayar da ta fi kowacce wuya: wa zai zana mana? Masu hannu suna nan. Wanda ke zana zaki da dabino a bayan babbar mota, da mai rubuta allon shago, da ɗalibin da ke zana a bayan littafinsa, duk sun san fenti, abin da ba su samu ba shi ne mai cewa su je bakin gulbi su zauna. Sashen zane na Zariya ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, kuma a can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa a ɗauki dabarar Turai a yi aikin gida da ita. Kowannensu ya koma ga abin garinsu. Ƙasar Kabi ba ta samu rabonta sosai daga wannan ba, kuma dalilin a fili yake, mai zane yana bin inda ake saye. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, da malamai da ma'aikata masu gina gidaje, Jega tana da 'yan kasuwa da ke kashe kuɗi mai yawa a kan tayil da silin da labule. Kaɗan daga cikin kuɗin labulen zai ishi matashin mai zane ya sayi fenti ya yi mako biyu yana aiki.

Kafin a kai can, kwafin Monet yana da sauƙin samu ta halal. Haƙƙin mallakar aikinsa ya daɗe da ƙarewa, kuma manyan gidajen adana zane kamar na Chicago, wanda ke riƙe da shida daga cikin dammunan hatsin, da Metropolitan na New York suna barin a sauke hotunan a intanet kyauta. Mai buga fosta a Birnin Kebbi zai iya fitar da shi, amma a nemi takarda ko yadi marar sheƙi, domin ledar bana mai walƙiya tana kashe laushin launin. A sa gilashi saboda ƙurar hunturu, a rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, in ba haka ba ja da rawaya za su koɗe su bar shuɗi kaɗai, kuma a bar masa fili a gefe da gefe, kada a cusa shi tsakanin agogo da kalanda. A sani kwafi ba ya ɗauko kaurin fentin da ke jikin na asali. Wanda kuma ya tashi ba mai zanen gida aiki, ya fi kyau ya nemi ƙanana uku na wuri ɗaya maimakon babba guda, a ce rudun albasa ko kwanar gulbi da hantsi, da la'asar, da kuma cikin hazo, a jera su a layi. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba: mai zanen ya je wurin da ƙafarsa, kada ya kwafa daga hoton waya, domin kyamarar waya tana gyara haske da kanta. Wannan yana nufin a cikin ciniki a lissafa masa kuɗin mashin da na kwanakin da zai yi yana jiran hasken jiya ya dawo.